Wai Daji Ba Ya Son Allura: Yaran Kebbi da Nisan Hanyar Asibiti

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu har ƙauyukan da ke bin gaɓar gulbin Rima, wai daji ba ya son allura. Da zarar kumburi ya ƙi jin magani aka raɗa masa suna daji, shawarar farko da tsofaffin gida ke bayarwa ita ce kada a kuskura a nufi asibiti da shi, domin ƙarfe na taɓa shi zai fusata ya bazu. 'Yan boko kan yi wa maganar dariya su ce jahilci ne. Ni ban ga abin dariya ba, domin masu faɗinta abin da idonsu ya gani suke faɗi. Sun ga yaron da ya yi wata shida da kumburi ana shafe-shafe da turare, daga baya aka sayar da akuya da buhunan shinkafa aka tafi da shi Sakkwato, bayan mako uku aka dawo ana karɓar gaisuwa. Inda suka kuskure shi ne wajen gane sanadi, domin watannin da aka ɓata kafin a kai ga allurar su suka ci yaron. Amma kowace gawa da ta dawo ƙara wa maganar ƙarfi take yi, maƙwabta su ƙara jinkiri, nasu yaron shi ma ya isa a makare. Tattaki da riguna masu rubutu ba za su kwance wannan ƙulli ba. Abin da zai kwance shi yara ne da suka warke suka dawo gida da ƙafarsu, kuma ba za a samu irinsu da yawa ba sai jihar Kebbi ta ɗauki nauyin hanyar gaba ɗayanta, tun daga ƙofar gida har gadon asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 'yan ƙasa da shekara 20 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba a kai 30 ba. Cutar ɗaya ce, magungunan ma kusan ɗaya ne, da yawansu tsofaffi ne da aka san su tun shekarun 1960. Wani nazari da mujallar Lancet Oncology ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa a Afirka ta Yamma 57 cikin 100 na yaran da ke da ciwon daji ba a ma gano cutar tasu ba. Suna rasuwa ne da sunan zazzaɓi, ko shawara, ko iska, ko sammu. Saboda haka idan wani jami'i ya buɗe rajistar asibiti ya ce ai ciwon dajin yara ba shi da yawa a Kebbi, abin da ya ƙirga shi ne waɗanda suka iya biyan kuɗin mota. Wani abu kuma da ya raba na yara da na manya shi ne, a nan karin maganar nan ta rigakafi ya fi magani ba ta da wurin zama sosai. Babba ana iya ce masa ya bar sigari, 'yan mata ana yi musu allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, amma yawancin ciwon dajin yara babu abin da uwa ko uba suka yi da ya jawo shi, babu kuma abin da za su bari don kauce masa. Makami ɗaya ne a hannu, a gane shi da wuri a yi magani har ƙarshe.

Ɗauki wanda ya fi kusa da mu. A 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da ke kama yaran Afirka, wanda yanzu ake kira da sunansa. Da aka bi sawun cutar sai aka ga tana bin taswirar zazzaɓin cizon sauro: inda sauro ke cizo ba hutu, nan take yawa. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin irin wannan ƙari, daga baya aka fahimci cewa haɗuwarta da maleriya mai yawan maimaituwa ita ke buɗe wa cutar ƙofa. To, binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna cewa a Kebbi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu, adadin da ya fi na kowace jiha, alhali na ƙasa baki ɗaya 22 ne. Fadamar da ke ba Argungu da Augie shinkafa damina da rani ita ke renon sauron. Wannan kaɗai ya isa ya sa duk ma'aikacin lafiya a kwarin Rima ya riƙa kallon kumburin fuska da ido biyu. Ƙarin Burkitt na iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Yaro ɗan shekara shida zai tashi da kunci a kumbure, a ce hangum ne ko ciwon haƙori, haƙoran su fara girgiɗi, a kai shi kyamis, daga can a kai wa wanzami ya yi sakiya, kafin wata ya zagayo fuska ta sauya kama. Abin takaicin shi ne saurin da ke sa shi kisa shi ne kuma ke sa shi jin magani, domin yana cikin cututtukan daji da suka fi saurin narkewa idan aka fara allura. A Ibadan aka yi wani ɓangare na aikin farko da ya tabbatar da haka, har likita Victor Anomah Ngu ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda shi. A Malawi kuma likitoci sun nuna cewa da magungunan da kuɗinsu bai kai dala 50 ba, cikin mako huɗu, ana iya ceto kusan rabin yaran.

Sauran ma ba ɓoyayyu ba ne. Dajin ido kan kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, alamarsa ta farko wani fari ne da ke ƙyalli a tsakiyar baƙin ido, kamar idon kyanwa da dare, ko kuma ido ya karkace. Uwa ce ke fara gani, sai a ce mata hakiya ce, a ɗiga nono ko a sa tozali. A ƙasashen da ake kai yaro da wuri fiye da 95 cikin 100 na rayuwa, a nan kuwa sau da yawa sai ido ya ɓullo waje ake zuwa. Dajin ƙoda, wanda likitoci ke kira Wilms, ƙullutu ne mai tauri da uwa kan ji a gefen cikin yaro ɗan shekara uku ko huɗu lokacin wanka, a ce saifa ce a yi tsaga. Dajin jini shi ya fi iya ɓad da kama a ƙasar maleriya da sikila: zazzaɓin da ba ya sauka, ɗashewar jiki, haɓo, jini a dasashi, ciwon ƙashi, kaluluwar da ta ƙi sacewa. Yaron da aka yi wa maganin maleriya sau uku a jere, aka ƙara masa jini ya sake ɗashewa, cikakken gwajin jini yake bukata. Babu ɗaya daga cikin alamomin nan da sai likita zai iya gani. Ungozoma za ta iya, malamin makarantar allo zai iya, mai kyamis ma zai iya, idan an taɓa gaya musu.

Ba za a ce Kebbi ta yi barci a kan ciwon daji ba. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ita kanta likitar yara ce, ta yi amfani da shekarun da mijinta ya yi yana gwamna, 2015 zuwa 2023, da gidauniyarta ta Medicaid wajen sa maganar sankara a bakin mutane, aka yi gwajin mata a ƙananan hukumomi, aka fara rajistar masu cutar. A watan Oktoba na 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta UICC, babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, 'yar Afirka ta farko da ta kai wannan matsayi. Abin alfahari ne. Sai dai nauyin wannan yunƙuri, a Kebbi da ma ƙasa baki ɗaya, ya fi karkata ga sankarar mama da ta bakin mahaifa. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, a asibitoci shida da suka haɗa da na koyarwa na Zariya, da cututtuka uku ya fara: mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza. Duka na manya ne. Ban ga laifin kula da iyaye mata ba, amma a jihar da kusan rabin mutanenta yara ne, kuma cututtukan nasu sun fi na manya jin magani, barin su a ƙarshen layi lissafi ne da bai fita ba.

Yanzu a duba hanyar da uba daga wani ƙauye a bayan Argungu zai bi ko da ya yarda da asibiti tun ranar farko. Ɗakin shan magani zai tura shi babban asibitin Argungu, daga can a ce Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da aka fi sani da FMC. Dole a yanki tsoka a auna, a jira sakamako. Idan ana bukatar gashi da na'ura sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100 daga Argungu, kusan 150 daga Birnin Kebbi. Maganin kuma ba na zuwa ɗaya ba ne. Na Burkitt makonni ne zuwa 'yan watanni, na ƙoda ya haɗa da fiɗa da allurai na watanni, na dajin jini kan kai shekara biyu ko fiye. Kowane zuwa akwai kuɗin mota na mutum biyu ko uku, akwai abinci, akwai gwaji, akwai jinin da za a nemo masu bayarwa, akwai gonar da aka bari lokacin dashe da sauran yaran da aka bar wa kaka. Bayan allura ta biyu kumburi ya sace, yaro ya fara wasa, kuɗi ya ƙare, sai uba ya ce alhamdu lillahi ya samu sauƙi, a tattara a koma gida. Bayan wata uku cutar ta dawo, wannan karon ba ta jin maganin farko. Likitocin yara a faɗin Afirka sun daɗe suna cewa katse magani a tsakiya na cikin manyan dalilan da ke kashe waɗannan yara. Mu kuma mun fi son mu kira shi sakacin iyaye, alhali yawanci aljihu ne ya gaza.

Shi ya sa wayar da kai ita kaɗai ke ba ni tsoro. Idan aka cika rediyo da sanarwar a kawo yara da wuri, suka zo, aka miƙa musu takardar kuɗin da ta fi abin da gonarsu ke bayarwa a shekara, an ƙara wa masu cewa daji ba ya son allura hujja ne kawai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kira da biyan kuɗi dole su tafi tare. Ghana ta sanar a 2021 cewa inshorar lafiyarta za ta ɗauki nauyin cututtukan dajin yara guda huɗu: na jini, na Burkitt, na ido da na ƙoda. Kebbi na da hukumar inshorar lafiya ta KECHEMA, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 kuma ta yi tanadin asusu domin marasa galihu. Abin da ya rage shi ne gwamnati da Majalisar Dokokin jihar su rubuta waɗannan cututtuka huɗu da sunansu cikin abin da ake biya wa duk yaro ɗan jihar, su sa layi a kasafin kuɗi wanda ba zai dogara da tausayin matar wani gwamna ba, kuma layin ya haɗa da kuɗin mota da abincin mai jinya. Wanda ya ga kamar biyan kuɗin mota almubazzaranci ne, ya tuna cewa allurar da aka saya aka yi rabi aka bari ita ce asarar gaske.

Ƙorafi mafi nauyi da za a yi, kuma ya cancanci amsa, shi ne na fifiko. Za a ce a jihar da maleriya da gudawa da tamowa da ƙyanda ke kwasar yara dubbai, ina dalilin zuba kuɗi a kan cutar da ke kama 'yan ɗaruruwa? Gaskiya ne maleriya ta fi kisa nesa ba kusa ba, kuma daidai ne da aka zaɓi Kebbi tare da Bayelsa aka fara allurar rigakafinta a Disamba 2024. Amma ayyukan biyu ba kishiyoyi ba ne. Rage maleriya na rage haɗarin Burkitt. Ma'ajiyar jini mai aiki, ɗakin gwaji mai fitar da sakamako cikin mako, ma'aikacin jinya da ya san ya sake duba yaron da zazzaɓinsa ya ƙi sauka, duk waɗannan mai sikila da mai naƙuda da wanda ya yi haɗari a hanyar Jega su ma za su ci moriyarsu. Ƙarancin adadin kuma shi ne ma ya sa nauyin ya ɗauku, domin ba miliyoyin mutane ake magana ba. Yaron da aka warkar yana ɗan shekara shida kuwa, shekara hamsin ko sittin na rayuwa aka saya masa, abin da ba kowane kuɗin lafiya ke iya sayowa ba. Ga kuma dama a waje. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2018 na son a kai warkewar 60 cikin 100 kafin 2030, asibitin St. Jude na Amurka ya ware dala miliyan 200 don samar da magunguna, aka fara rabawa a 2025 a ƙasashe irin su Zambiya da Nepal. Irin wannan taimako yana zuwa ne inda aka ƙirga marasa lafiya aka shirya karɓa.

Game da yadda za a gano yaran, ba sai an je nesa neman darasi ba. Lokacin yaƙi da shan inna an kafa tsarin da duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, labarinsa ke isa ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma. Masu kai rahoton su ne masu unguwanni, maɗora, masu maganin gargajiya, wanzamai, ungozomomi. Ba a yi faɗa da su ba, jawo su aka yi a jiki. Sarakunan Arewa, a ƙarƙashin kwamitin da Sarkin Musulmi ya kafa a 2009, suka sa baki, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agusta na 2020. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Samaila Muhammad Mera, ya jagoranci wannan kwamiti na sarakuna kan lafiya a matakin farko, ya san hanyar ciki da waje. Mutanen suna nan, lambobin wayarsu suna nan. Ƙara musu alamomi huɗu, fari a ido, kumburin muƙamuƙi mai sauri, ƙullutu a ciki, zazzaɓi da ɗashewar da suka ƙi magani, ba zai ci wani kuɗin kirki ba. Wanzamin da aka mutunta aka ce masa wannan kumburin kada ka sa masa aska, turo mana shi, ya fi allon talla goma amfani. Misali na biyu yana Sakkwato. Asibitin yara masu cutar Noma mai cin fuska, wanda ya fara aiki a 1999 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, yana yi wa yara aiki kyauta, yana ciyar da masu jinya, yana tura ma'aikata ƙauyuka neman marasa lafiya. Iyayen da ake cewa ba sa son asibiti suna zuwa can daga Kebbi da Zamfara har da Nijar.

Akwai kuma rabon da ya hau kan al'umma, ba gwamnati ba. Malamanmu sun sha karantar da cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, ya kamata wannan karatu ya fito a huɗubar Juma'a da sunan wannan cuta ƙarara. Kwarin da ke noma shinkafar da ta ciyar da manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi yana fitar da zakka mai yawa, ushuri a ta damina, rabinsa a ta ban ruwa. Uban da ya sayar da gonarsa ya ci bashi don jinyar ɗansa ya shiga sahun masu cin zakka ta ƙofa fiye da ɗaya. Gida guda mai ɗakuna goma kusa da asibiti, wanda wani attajiri zai bayar waƙafi don iyaye mata masu jinya su kwana su dafa abinci, zai hana katse magani fiye da yadda ake zato. Matasan da ke cika filin ƙwallo kuma za su iya zama masu ba da jini na dindindin.

Sai waɗanda suka warke, waɗanda kusan ba a maganarsu. Yaron da aka cire wa ido don a ceci ransa yana bukatar idon roba da malamin da zai hana 'yan aji tsokanarsa. Ƙannensa ma a duba idanunsu, domin wani kaso na dajin ido gado ne. Wanda ya rage da ƙoda ɗaya zai yi rayuwarsa lafiya, amma a riƙa auna hawan jininsa. Wasu magungunan kan taɓa zuciya ko ji ko haihuwa bayan shekaru, don haka sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen bibiya ba. Yarinyar da ta rasa shekarar karatu a mayar da ita aji, gashin da ya zube zai tsiro, cutar ba a ɗaukarta ta kwano ko tabarma, kuma ranar da aka zo neman aurenta kada tsohon ciwo ya zama abin raɗa. Iyalai da yawa na ɓoye cewa ɗansu ya taɓa yin daji saboda wannan tsoro, ɓoyewar kuma na hana garin ganin hujja ɗaya tilo da za ta rushe tsohuwar magana. Gani ya kori ji. Saurayi guda da zai tsaya a ƙofar fadar hakimi, da yardarsa da ta iyayensa, ya ce ni ne wanda fuskata ta kumbura shekara goma da suka wuce, allura aka yi mini, ya fi duk wata ƙididdiga da na kawo a sama.

Ranar 15 ga Fabrairu ce ranar yara masu ciwon daji ta duniya, watan Satumba kuma watansu ne. Kafin ta gaba ta zagayo, Gwamna Nasir Idris da 'yan majalisa su sa cututtukan nan huɗu a cikin inshorar jiha, masarautun Gwandu da Argungu su aika wa hakimai da dagatai da alamomin. Kai kuma mai karatu, idan akwai yaro a gidanku ko maƙwabta mai fari a ido, ko kumburin da ke ƙaruwa kullum, ko zazzaɓin da ya sha magani sau uku bai sauka ba, kada a jira a sayar da amfanin gona. A kai shi babban asibiti cikin makon nan, kuma a tambayi likita kai tsaye ko ya duba yiwuwar daji.